Daga Dandalin Trafalgar zuwa Greenwich: jiragen yaƙi a jikin bango

Ni mutumin tudu ne. Ruwan da na sani bai wuce na Tiga da Bagauda ba, sai kuma Kogin Kwara a Yawuri, inda na taɓa shiga kwale-kwale ina salati har muka tsallaka. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke karatu a Landan ya ce ranar Asabar zai kai ni kallon zane-zanen jiragen yaƙi na zamanin da, na tambaye shi ko abin kallo ne ya ƙare a garin. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kai da kake son tarihi? Mutanen nan ai tarihinsu a kan ruwa yake. In ba ka ga jiragensu ba, ba za ka gane yadda aka yi suka iso Lakwaja ba." Na rasa ta cewa, na ɗauki hulata na bi shi. A shekarar 2023 ne, lokacin da ranarsu ke kai wa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba.

Da National Gallery muka fara, babban gidan zane-zanen da ke bakin Dandalin Trafalgar. Shiga kyauta ne, sai dai a duba jakarka. Yaron bai bar ni na tsaya ko'ina ba, ya ja ni muka ratsa ɗaki bayan ɗaki har gaban wani zane da mutane suka yi wa cincirindo. Na zaci zan ga abin da ya cika bango, ashe faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Wannan shi ne The Fighting Temeraire, na J. M. W. Turner, wanda aka fara nuna wa jama'a a 1839. Kafin in ce komai sai ya zaro takardar fam 20 daga aljihu ya juya bayanta. Ga jirgin nan a jiki, ga fuskar mai zanen. Tun 2020 suke kashe shi a kasuwa.

Abin da ke cikin zanen ba shi da yawa. Ta hagu wani ƙaton jirgi ne mai dogayen turaku uku, launinsa fari-fari har ya kusa narkewa cikin hazo. Gabansa wani ɗan ƙaramin jirgi baƙi ƙirin, mai bututu, yana aman hayaƙi da tartsatsin wuta, shi ke jan babban. Ta dama rana ta yi jajir a bakin ruwa, can sama kuma ta hagu ga siririn jinjirin wata, wanda sai ka matsa kusa za ka lura da shi. Da na matsa ɗin sai na ga fentin da aka yi hasken rana da shi ya yi kauri ya yi tudu-tudu a kan ƙyallen, amma turakun jirgin da igiyoyinsa an ja su siri-siri da hannu mai natsuwa.

Temeraire jirgin gaske ne, mai igwa 98, an sa shi a ruwa a Chatham a 1798. A yaƙin Trafalgar na 1805 shi ne ke biye da Victory, jirgin Nelson, kwamandan rundunar ruwan Birtaniya a yaƙin, kuma shi ya kawo masa ɗauki sa'ad da Faransawa suka matsa masa. Bayan an gama yaƙe-yaƙe ya zama kurkukun kan ruwa, ya zama ma'ajiyar kaya, a ƙarshe a 1838 aka sayar da shi fam 5,530 ga wani mai fasa jirage, John Beatson, aka jawo shi daga Sheerness zuwa Rotherhithe don a ɓalle katakon. To a nan ne maganar ta fara yi mini daɗi. Ranar da aka jawo shi babu turke ko ɗaya a kansa, an riga an cire, an kwashe igwa da ƙyallaye da duk wani abin amfani. Jiragen da suka ja shi biyu ne, Turner ya mai da su ɗaya. Kuma tunda yamma aka nufa da shi, ranar da ke bayansa gabas take, ba inda rana ke faɗuwa ba. Wato mai zanen ya tufatar da gawar ne kafin ya nuna wa mutane. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ta'aziyya yake yi wa zamanin jiragen iska, ga kuma na tururi ya zo yana jan su zuwa kabari. Shi kansa bai yarda ya sayar da zanen ba har ya mutu a 1851, ya bar wa ƙasarsa.

Muka fito dandali. Ginshiƙin Nelson na tsaye a tsakiya, tsayinsa ya kai kimanin mita 52, har sai ka riƙe hula kafin ka hango mutumin da ke samansa. Amma abin da yaron ke so in gani a ƙasa yake. A gindin ginshiƙin akwai alluna huɗu na tagulla da aka narka daga igwar da aka ƙwace wa Faransa. A wanda ke fuskantar Whitehall an nuna Nelson ya faɗi ana tallafarsa, can gefen hagu kuma ga wani baƙar fata riƙe da bindiga, ya ɗaga kai yana neman wanda ya yi harbin. Dubban mutane na wucewa ta nan kullum suna ɗaukar hoto da zakunan ƙarfe, da wuya ka ga wanda ya dube shi. Littafin sunayen ma'aikatan jirgin Victory ya nuna akwai mutanen ƙasashe da dama a ciki, har da 'yan tsibiran Karibiyan da haifaffen Afirka. Na daɗe ina kallonsa.

Daga nan muka gangara bakin Kogin Thames muka shiga jirgin fasinja mai zuwa Greenwich. Na zauna a ciki inda akwai gilashi, yaron na ta tsokanata in fito waje in sha iska. Bayan mun wuce ƙarƙashin Tower Bridge ya nuna mini gefen dama ya ce nan ne Rotherhithe, inda aka fasa Temeraire. Gidajen haya ne masu tsada yanzu, da tukwanen furanni a baranda. Gaba kaɗan sai Deptford, inda Sarki Henry na Takwas ya kafa maƙerar jiragen yaƙi a 1513. Sai kogin ya karya kwana, Greenwich ta bayyana: manyan gine-gine biyu masu ƙubba, tagwaye, da wani farin gida madaidaici can baya a tsakaninsu. Tagwayen asibiti ne da aka gina wa tsofaffin sojojin ruwa, farin gidan kuma shi ne Queen's House.

Da saukarmu muka ci karo da Cutty Sark, jirgin kasuwanci na 1869 da ya yi jigilar ganyen shayi daga Sin da gashin tumaki daga Ostireliya. Ba jirgin yaƙi ba ne, amma shi ya fara buɗe mini ido. A zane igiyoyi layuka ne kawai. A nan na tsaya ƙarƙashinsu, na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo, na tuna cewa mutane ne ke hawa can sama cikin duhu da hadari su naɗe ƙyallayen da ke kama iska, jirgi na tangaɗi da su. Duk zanen da na gani bayan wannan, sai na riƙa neman 'yan ɗige-ɗigen mutanen da ke maƙale a igiya.

A ƙofar gidan tarihin teku, National Maritime Museum, wata ƙatuwar kwalba ce kwance, a cikinta jirgin Victory da aka ƙanƙanta. Tun daga nesa na ce, "Kai, wannan ai atamfa ce!" Ita ce kuwa. Ƙyallayen jirgin duka da atamfa aka yi su. Aikin Yinka Shonibare ne, haifaffen Landan da ya tashi a Legas. An fara kafa kwalbar a Dandalin Trafalgar a 2010, daga baya aka dawo da ita nan. Ita atamfar ma da teku ta zo mana: 'yan Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen Indonesiya a masana'antunsu, suka sami kasuwa a Afirka ta Yamma. Na ce wa yaron in uwarsa ta ga wannan, kafin ta tambayi sunan jirgin sai ta tambayi kuɗin turmi.

Mun yi sa'a, a shekarar ana baje kolin ayyukan wasu masu zane biyu a Queen's House, uba da ɗa, dukansu sunansu Willem van de Velde, don cikar shekara 350 da zuwansu Ingila. Gidan kansa tsoho ne, Inigo Jones ya fara gina shi a 1616, kuma a ɗaya daga cikin ɗakunansa na ƙasa ne mutanen biyu suka yi aiki. A nan na fi daɗewa, a nan kuma na gane abin da nake kallo tun safe.

'Yan Holan ne. Uban an haife shi a 1611, ɗan a 1633. A zamaninsu Holan da Ingila sun yi ta gwabzawa a teku kan ciniki, kuma sau da yawa Holan ce ke da rinjaye. A 1667 har cikin Kogin Medway suka shiga suka ƙone jiragen Ingila, suka ja babban jirgin sarki, Royal Charles, suka tafi da shi gida. Shi uban aikinsa ya fi kama da na ɗan jarida. Ana ba shi ɗan ƙaramin jirgi da matuƙi, ya bi rundunar Holan zuwa fagen fama, ana ɓarin wuta yana zaune da takarda yana zanawa, yana rubuta wane jirgi ne wannan, ina iska ta fuskanta, ƙarfe nawa. In ya koma gida sai ya shafe allo ko ƙyalle da farin fenti, ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da yaƙin gaba ɗaya, ba launi, baƙi da fari kawai. Na tsaya gaban irin wannan aiki, hancina ya kusa taɓa gilashi. Kowace ƙofar igwa tana nan, kowace igiya tana da inda ta fito da inda ta ɗaure, sassaƙar da ke bayan jirgi an bi ta fure-fure. A zanensa na yaƙin Scheveningen na 1653 har kansa ya saka, zaune cikin ɗan jirginsa da takarda a cinya, don mai kallo ya san da idonsa ya gani.

A 1672 Faransa ta afka wa Holan ta tudu, Ingila ta ruwa, kasuwar zane ta mutu. A watan Mayun shekarar, bisa lissafin Ingila na lokacin, uban yana tare da rundunar Holan a yaƙin Solebay yana zana yadda ake ƙona jiragen Ingila. Kafin shekara ta zagayo sai ga shi da ɗansa a Landan, ana tsakiyar yaƙin. Sarki Charles na Biyu ya karɓe su hannu bibbiyu, ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara: uban ya riƙa zana yaƙe-yaƙen teku, ɗan ya riƙa sa musu launi. A 1673 uban ya sake fita fagen fama, wannan karon cikin jirgin da Ingilishi suka ba shi. Da na ji haka sai makaɗan fada suka faɗo mini a rai. Sarki ne ke ci da su, kirarinsa suke yi, in wannan fada ta yi sanyi su naɗe tabarma su koma wata, kuma ba wanda zai ce don haka waƙar ba ta da daɗi ko babu tarihi a cikinta. Sai dai mai sauraro ya san wa ya biya.

Akwai wani babban saƙaƙƙen labule na bango da aka yi daga zanen uban, yana nuna ƙonewar jirgin Royal James a Solebay. 'Yan Holan sun cika wani tsohon jirgi da kayan wuta suka jingina masa, ya kama, kwamandansa Earl na Sandwich ya mutu a ruwa. Asara ce ga Ingila, amma an saƙa ta da zare mai kyau an yi mata ado a gefe, ta zama abin rataya a fada.

Wani dattijo cikin masu aikin sa-kai na gidan ya ga na ƙura wa wani zane na ɗan ido, sai ya matso ya koya mini karatunsa. Ka fara duba tutoci, in ji shi, su za su gaya maka na wace ƙasa ne da kuma ko babban kwamanda na ciki. Ka duba inda tuta da hayaƙi suka karkata, ka san inda iska ke fitowa, domin wanda iska ke bayansa shi ke zaɓen lokacin da za a kara. Ka ƙirga layukan ƙofofin igwa a haƙarƙarin jirgi, biyu ne ko uku, ka san girmansa. Tunda igwa a gefe suke, ba a goshi ba, dole jirage su jeru a layi ɗaya, kowa ya juya wa abokin gaba haƙarƙari a yi ta ɓari. Ya ƙara da cewa a yaƙin gaske, bayan an saki wuta ta farko, hayaƙin albarushi kan rufe komai, mutum ba ya ganin jirgin da ke kusa da shi. Saboda haka duk zanen da ka ga jirage fes a cikinsa, mai zanen ne ya share maka hayaƙin. Gidan na riƙe da zane-zanen takarda na mutanen nan biyu kusan 1,500, kuma masu binciken yadda ake ƙera jirage a ƙarni na 17 har yau da su suke aiki.

Azahar ta yi. Muka fita dandalin shaƙatawa da ke bayan gidan, muka sami gindin bishiya, yaron ya duba alƙibla a wayarsa muka yi salla a kan ciyawa. Can saman tudu ga ɗakin duban taurari na 1675, inda layin da ya raba duniya gabas da yamma ya ratsa. Ban hau ba, gwiwa ta ce a'a. Muka sayi shinkafa da kaza a kasuwar Greenwich wurin masu halal, muka koma.

Zanen Turner na yaƙin Trafalgar kuwa, shi ne mai cika bangon da na zata tun farko. Tsayinsa ya haura mita biyu da rabi, faɗinsa ya haura uku da rabi. Sarki George na Huɗu ne ya ba shi aikin a 1822, ya gama a 1824, kuma shi kaɗai ne aikin da fada ta taɓa ba shi. Yaƙin an yi shi ranar 21 ga Oktoba, 1805, kusa da gaɓar Sifaniya: jiragen Birtaniya 27, na Faransa da Sifaniya 33. Nelson ya ƙi bin tsarin jeruwa gefe da gefe. Ya raba rundunarsa gida biyu, shi da mataimakinsa Collingwood, suka nufi layin abokan gaba kai tsaye don su tsinka shi. Iska ba ta da ƙarfi ranar, jiragen na tafiya a hankali, na gaba suna shan wuta ba halin ramawa har suka isa. Dabarar ta ci. Birtaniya ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, mutanenta kusan 450 suka mutu, na ɗaya ɓangaren fiye da 4,000.

Turner ya tsayar da Victory a tsakiya, ya ba shi tsayin da ya fi na gaskiya, ƙyallayensa sun yayyage, wani turke na faɗowa. Tutocin da ke jere a babban turken ƙarshen saƙon da Nelson ya aika wa rundunar ne, cewa Ingila na sa ran kowa zai sauke nauyin da ke kansa. To amma saƙon kafin tsakar rana aka ɗaga shi. Jirgin Faransa Achille da ke ci da wuta can baya, da yamma ya kama. Redoutable, shi ma na Faransa, da ake gani yana nutsewa ta dama, sai washegari ya nutse, cikin guguwar da ta biyo bayan yaƙin. Ya tattara abin da ya faru cikin yini biyu ya zuba a ƙyalle ɗaya. Hafsoshin ruwa ba su ji daɗi ba. Suka yi ta ƙorafi kan igiyoyi da tsayin jirgi, ya yi kwanaki yana gyare-gyare a fadar St James, ba su gamsu ba. A 1829 aka sauke zanen daga fada aka aiko da shi Greenwich, wurin tsofaffin sojoji.

A ganina ba igiya ce ta dame su ba. Ka tsaya gaban zanen, abin da ke daidai da idonka ba Victory ba ne, shi yana can sama. Abin da ke gabanka ruwa ne mai launin ƙasa-ƙasa da ja-ja, cike da mutane. Wasu sun cunkushe cikin ƙananan jirage suna miƙa hannu su jawo na ruwa, wasu sun rungume guntun katako, ga wani kwance rigingine ido a buɗe, fuskarsa na kallonka. Ba ka iya bambance Bafaranshe da Baturen Ingila. Sarki ya biya kuɗin kirari, Turner ya yi masa kirarin a sama, ya shimfiɗa masa gawarwaki a ƙasa, daidai inda duk mai wucewa zai fara gani. A wurina wannan ya fi Temeraire, ko da yake wancan ne ya shiga takardar kuɗi.

A ɗakin Nelson akwai rigar da yake sanye da ita ranar. Shuɗiya ce mai duhu, cikin akwatin gilashi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarta. Ba ƙaton mutum ba ne. Hannun dama a naɗe yake, don tun 1797 ya rasa wannan hannu a Tenerife, bayan idon dama da ya mutu a Corsica. A kafaɗar hagu ga huda nan, 'yar ƙarama, zaren adon kafaɗar ya tsinke a gefenta. Daga saman turken Redoutable aka harbo shi, harsashin ya ratsa huhu ya tsaya a kashin baya, ya yi sa'o'i yana jin jiki a ƙasan jirgi kafin ya cika. Gawarsa cikin gangar barasa aka sa don kada ta lalace kafin a iso gida. An kawo ta nan Greenwich a Janairun 1806 jama'a suka yi mata bankwana. Shi Victory ɗin, wanda aka sa a ruwa a 1765, yana Portsmouth har yanzu.

Ina shirin cewa a tafi, yaron ya ce, "Kawu, saura namu." Ya kai ni sashen Tekun Atlantika, inda ake maganar cinikin bayi, muka ga sarƙoƙi da mari. Muka zauna a wani benci, ya buɗe kundin zane-zanen gidan a wayarsa ya nuna mini wani aiki na Nicholas Condy: jirgin Birtaniya Black Joke yana fafatawa da jirgin bayi na Sifaniyawa, El Almirante, a 1829.

Jiragen Birtaniya sun kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 3 zuwa ƙetare kafin majalisarsu ta haramta cinikin a 1807. Shekara guda bayan haka aka kafa rundunar sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma, wadda zuwa 1860 ta kama jiragen bayi kimanin 1,600 ta saki mutane wajen 150,000. Shi Black Joke asalinsa jirgin bayi ne na Brazil mai suna Henriqueta. An kama shi a 1827, aka ga yana da gudu, aka mai da shi mafarauci. Igwa biyu gare shi, El Almirante na da 14. Ya bi shi sa'a 31 kafin ya cim masa, suka yi musayar wuta, na Sifaniya ya miƙa wuya. An sami mutum 466 a cikinsa.

Na karɓi wayar na buɗa hoton da yatsu. Jirage biyu, farin hayaƙi, tutoci, teku. Zane ne mai kyau, an yi shi da ƙa'idar da dattijon nan ya koya mini, har na gane inda iska ke fitowa. Mutum 466 ɗin suna ƙarƙashin katako, a ɗaure, dunƙulen ƙarfe na ratsa jirgin, kuma mai zanen bai ga dalilin buɗe mana wurin ba. Wanda zai saya ya rataya a ɗakinsa jarumtar sojan ruwa yake son gani.

Waɗanda aka kuɓutar ta wannan hanya galibi Freetown ta Saliyo ake sauke su, kuma akwai Hausawa a cikinsu, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin suka gangaro da su har bakin teku. Wasu 'yan uwansu da ba a tare jirginsu ba sun ƙare a Bahia ta Brazil, inda aka san su da tayar wa iyayengijinsu ƙayar baya tun 1807. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da daga baya ya zama babban limamin coci, shi ma a Freetown aka sauke shi a 1822 yana yaro. Shi da wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, suka bi ayarin Kogin Kwara na 1841, kuma Schön, wanda a bakin irin waɗannan kuɓutattu ya tsinci Hausa, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Rundunar sintirin nan dai ita ce ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851 ta kori Oba Kosoko, bayan shekara goma Birtaniya ta haɗiye garin. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa a Legas, akasarinsu bayin da suka gudu, ya ba su bindiga da kaki, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya ke lissafa asalinsa.

Aka fara sanarwar za a rufe ƙarfe biyar. Yaron ya tambaye ni ko ta ruwa za mu koma, na ce masa a'a, ya nemo mana jirgin ƙasa.